Igiyar da Muka Narka a Ƙugun Biri

Ni ban taɓa cewa a kawo mini biri ba. Gara in fara da wannan, don har yau a Kwaya akwai masu kirana uwar biri, sai ka ce ni na shiga kurmi na haifo shi. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun ina gidanmu na koya, kuma duk ranar kasuwar Magariya ina can da bido biyu, wato jarkokin mai, da tirena. Maigidana manomi ne, idan rani ya yi yakan ɗan taɓa fataucin awaki zuwa ƙetaren iyaka. Mutum ne mai kirki, ba zan ci masa alhaki ba, amma yana da son a ce. Idan ya ga abu a gidan wani, ba ya samun sukuni sai ya ga irinsa a nasa.

Gonarmu ta gyaɗa tana gabas da gari, daidai inda fadama ta fara, ga kurmin goruba da giginya a bayanta. A cikin kurmin nan jajayen birai suke zaune tun kafin a haife mu. Duk kaka sai an yi yaƙi da su, don su ba sa cin gyaɗa kamar masu hankali, sai su tuge goma su ci ɗaya. Wata kaka maza suka yi gayya da karnuka suka bi garken. Karnuka suka kashe wata uwa, aka tarar da ɗanta maƙale a cikinta, ya ƙi saki. Maigida ya ɓamɓare shi ya sako shi cikin buhu.

Ina tsakiyar suyar gyaɗa ya shigo yana washe baki, ya zazzage mini buhun a gaba. Wani ɗan abu ya faɗo, bai fi tafin hannuna biyu ba, duk ido.

Na ce, "Malam, wannan kuma na mene ne? Bakin da muke ciyarwa bai isa ba?"

Ya ce ai a Magariya akwai wani alhaji da ya ajiye barewa da gauraka a tsakar gidansa, mutane har daga nesa suke zuwa kallo. Ya ce kuma manya sun faɗa, gidan da ke da biri mugun ido ba ya kama shi, don duk wanda ya shigo idonsa a kan birin zai fara sauka. Na ce to, idon da zai kama mu ya kama me, tukunyar suya ko akuyar nan mai ƙafa uku? Bai kula ni ba. Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci, ya bar ni da marayan.

Kwana uku ɗan birin nan yana kuka. Ba irin kukan da za ka toshe kunne ka rabu da shi ba ne, kuka ne siriri kamar na jinjirin da nono ya ƙi. Ni kuma zuciyata a baki take, amma ba ta da ƙashi. Na tatso akuya, na tsoma tsumma ina ɗiga masa. Da na ga ya hana ni aiki, duk inda na juya yana riƙe da bakin zanena, sai na ɗauke shi na goya da tsohon majanyin autata, wadda a lokacin ta riga ta shiga lakwal, makarantar boko. Ya lafe a bayana ya yi tsit. Haka na yi ta matsar mai da biri a baya, mata suna shigowa saye suna faɗuwa da dariya.

Da ya yi wata huɗu sai ya nuna mana ko shi ɗan waye. Ya buɗe bido ya malalar mini da man kwana biyu. Ya shiga maƙwabta ya kwashe ƙwan zabi. Ya sace hular liman a kan igiyar shanya, ya hau dogon yaro da ita yana yagar zaren ɗaya bayan ɗaya. Kullum da ƙarar da za a kawo. Muka ɗaure shi da igiyar kaba, ya cinye ta. Muka ɗaure shi da tsumma, ya zauna ya kwance ƙullin a natse yana kallonmu. Duk ƙullin da ɗan Adam ya iya, yatsun birin nan sun fi shi iyawa.

To, a garinmu akwai yadda ake yi wa igiyar roba, irin shuɗiyar nan ta guga. Idan aka ƙulla ta ba a so ta warware, sai a ɗauko garwashi a narka ƙullin, ya dunƙule ya zama kamar dutse. Haka ake yi wa guga, haka ake yi wa igiya a jikin turke, kowa ya san wannan. Maigida ya yanko daga igiyar rijiya, ya zagaya ta a ƙugun birin ya ƙulla. Ni na riƙe shi. Ina so a ji wannan da kyau, don na daɗe ina ɗora wa maigida laifin shi kaɗai: ni na danne shi a cinyata, na rufe masa ido da mayafina don kada ya ga wutar. Har na sa yatsa biyu tsakanin igiyar da fatarsa, na ce, "Ya isa, ba ta matse shi ba." Aka narka ƙullin. Mu biyu da hankalinmu, da furfura ta fara leƙo mana, babu wanda ya tuna cewa birin zai girma, igiyar kuwa ba za ta girma ba. Aka ɗaure ɗaya bakin a gindin dogon yaro, kowa ya koma harkarsa.

Damina biyu ya yi a gindin bishiyar nan. Da farko ana zuwa kallo, maigida yana tsaye yana bayani kamar shi ya ƙera shi. Daga baya kallo ya ƙare, sai jifa. Yara su tsaya daga zaure su yi masa gwalo su jefe shi, shi kuma ya yi ta zabura har igiya ta fizgo shi ya faɗi. Ya zama mugu, kuma ban ga laifinsa ba. Ba mai iya matsawa kusa sai ni, ni ɗin ma aiki ya sha mini kai, sai in wurga masa tuwo ko rogo daga nesa in wuce. Gashinsa ya yi tsawo ya rufe ƙugun, igiyar sai ka ga kamar daga cikin gashi take fitowa. Ƙasan wurin ya zama fili tas, da'ira guda, iyakar inda igiyar ke kai shi.

Wata safiya da rani na ga tuwon jiya yana nan bai taɓa ba. Yana zaune ya jingina da bishiya, ƙudaje sun yi masa baƙi a ciki. Na matsa, wani wari ya doke ni. Na tsuguna ina yi masa magana a hankali, na buɗa gashin da yatsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Igiyar ta shige cikin nama. Wani wurin fata ta rufe ta ruf, ba ka ganin shuɗin sam, wani wurin kuma a buɗe yake, tsutsa na motsi. Tun yaushe? Allah kaɗai ya sani. Kullum ina wucewa ta gabansa sau ashirin.

Na ruga na ɗauko wuƙa. Ina taɓa wurin ya saki ƙara, ya kafa mini haƙori a babban yatsa, tabon ga shi nan har yau. Ban ji haushinsa ba, ko ni ce zan ciji. Amma na gane wannan ya fi ƙarfin wuƙar girki, don babu inda zan sa ta ban yanki nama ba.

Maigida ya dawo da azahar, ban bari ya zauna ba. Na ce a kai birin nan Magariya wurin likitan dabbobi, in ba haka ba ba zai kai mako ba.

Ya ce, "Ke, kina cikin hankalinki? Likitan dabbobi da 'yan gandun daji ai bakinsu ɗaya. Kin san doka ta hana ajiye naman daji a gida ba takarda. Bara a gabana suka karɓe birin wani a kasuwa, suka tasa ƙeyarsa gaba. So kike in kai kaina?"

Na ce, "Au, ashe ka san doka ta hana?"

Ya kau da kai. Ya ce ya riga ya samo mafita. Akwai wani mai wasa da birai da ke tsallakowa daga iyaka ranar kasuwa, sun yi magana tun kwanakin baya da ya ga birin ya fara cizo, jibi zai biyo ya ɗauka. Na tambaye shi me mutumin zai yi da biri mai ruɓaɓɓen ƙugu. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa: idan ya rayu za a cire masa fiƙoƙi da awartaki a koya masa rawa, idan ya mutu akwai masu magani da ke sayen kai da hannuwa.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Mun kashe masa uwa, mun ɗaure shi shekara biyu, mun ruɓar da shi da ransa, yanzu kuma a fasa masa baki? Malam, ba kai ne kake kunna mana radiyo muna jin wa'azi ba? Ba a gabanka malamin ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba? Ita kyanwa ce, ko igiya ba a ce ta narka mata ba. Mu ina za mu sa kanmu?"

Ya ce, "Yanzu saboda biri za ki kai ni kaso?"

Na ce, "Kason duniya ai yana da ƙofa."

Ya yi dariyar da maza ke yi idan magana ta ƙare musu. Na ce masa gobe kasuwa, kuma gobe zan kai shi, ya ji da kunnensa don kada ya ce na fita da sata. Ya ce, "In kin isa ki kai." Ya san ni da tsoron kaki, ko jandarma na hango a bakin hanya sai na tsallaka ɗaya gefen. Abin da bai sani ba shi ne, tsoron abin da na gani a ƙarƙashin gashin nan ya fi.

Da ya fita sallar asuba na yanke igiyar daga wajen bishiya, na bar guntu. Na tsaya ina tunanin abin da zan sa shi ciki, akurkin kaji ya yi masa kaɗan, buhu kuwa na rantse ba zai sake shiga ba. Sai kawai na juya masa baya na tsuguna, kamar yadda nake yi yana jinjiri. Ban yi zaton komai ba. Na ji hannuwa masu zafi sun kama kafaɗata, ya hau a hankali, ya kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna. Nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na tallafe shi da zane ta ƙasa yadda ba zai taɓa ciwon ba, na yafa babban mayafi a kai. Ranar ko bido ɗaya ban ɗauka ba.

Amalanken da ke kai mu kasuwa na wani dattijo ne, ba ya gani sosai, jakinsa ne ya san hanya. Mu shida ne mata a kai. Aka fara: "A'a, yau goyon wa aka samu?" Na ce na wata 'yar uwa ne, ba shi da lafiya. Aka yi ta sannu, Allah ya ba shi lafiya. Muna cikin tafiya amalanke ya faɗa rami, jela ta zubo daga ƙarƙashin mayafi, tsawonta ya kai kamu biyu. Wadda ke kusa da ni ta yi salati ta dira ƙasa da ƙwaryarta. Dattijo ya ja jaki yana tambaya ko maciji ne. Da aka gaya masa, ya ce shi tunda yake bai taɓa ɗaukar biri ba, in sauka.

Na ce, "Baba, shekara nawa kana ɗaukar mijin wance, ka taɓa cewa ya sauka?"

Mata suka kwashe da dariya, har wance ɗin. Wata Bafillatana mai tallan nono da ke zaune a baya ta ɗaga mayafin ta duba ciwon. Ta girgiza kai ta ce, "Ko ɗan maraƙi muna sassauta masa igiya duk wata." Ba da faɗa ta yi maganar ba, amma da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ta ɗebo nono a ludayi ta miƙo, ya ɗan lasa. Ta ce wa dattijo ya ja mu tafi, rana na yi.

Mun hau gudron, wato kwalta, hantsi ya ɗaga. Na sauka kafin kasuwa, na yi ta tambaya har aka nuna mini biron 'yan gandun daji, wato ofishinsu, wani gini mai dashen itatuwa jere a cikin leda a gabansa. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ina wucewa kamar mai neman wani gida. A na uku birin ya yi wani nishi a bayana, na ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na shiga.

Shef ɗinsu, wato babbansu, wani mai furfura ne cikin koren kaki, yana zaune a inuwa yana shan shayi. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, na kawo kaina." Na yaye mayafin.

Ya ajiye kofin. Bai daka mini tsawa ba, da ya daka da na fi sanin yadda zan yi. Ya zagayo ya duba ƙugun ya daɗe, sa'an nan ya aiki wani na ƙasa da shi a kan moto, wato babur, ya kira likitan dabbobi. Ya ba ni kujera, na ce ƙasa ta ishe ni. Ya tambaye ni ko muna da takardar izinin ajiye shi. Na ce takardar da ke gidanmu duka ta lakwal ɗin yara ce. Ya ce, "Inna, naman daji ba na wanda ya kama ba ne. Ko an ba mutum izini, sai an ga inda zai ajiye shi da yadda zai kula da shi. Wannan laifi ne, kuma ina da ikon rubuta amandi, a ci ku tara. Wa ya kamo shi?"

Na zo ceton biri, ban zo sayar da mijina ba. Ina cikin murza bakin zane sai na ji ƙarar moto a ƙofa. Maigida ne. Ya sa riga biyu, ɗaya kan ɗaya, ya ɗaure bargo da buta da tabarmar salla a bayan moto. Ashe da ya dawo masallaci ya tarar da guntun igiya a gindin bishiya, ya tabbata za a rufe ni, shi ne ya yi shirin kaso ya biyo ni. Ya shigo fuska duk ƙura, ya tsuguna gaban shef ya ce, "Ni ne mai laifin, ni na kamo shi. Ku sake ta."

Shef ya ce, "Wa ya kama ta?"

Ya dubi bargon, ya dube ni, na ga yana cije leɓe don kada ya yi dariya. Ni kuwa a ranar na yafe wa mutumin nan abubuwa da yawa, har waɗanda bai san ina riƙe da su ba.

Likita ya zo da jakarsa, ya yi wa birin allura yana bayana, jikinsa ya saki. Aka shimfiɗa shi a kan tebur. Shef ya ce wa maigida, "Malam, zo ka riƙe. Kai ka ɗaura, da kai za a kwance." Aka aske gashin, abin da na gani da yatsa biyu ya fito fili gaba ɗaya. Likita ya yi ta tsaga fata kaɗan-kaɗan yana zaro igiyar, yana tsince tsutsa da ɗan ƙarfe yana zubawa a gwangwani. Maigida yana riƙe da ƙafafun, gumi na ɗiga daga gemunsa. Mutumin da ke yanka rago ya feɗe shi ko gezau, sai ga shi yana ta maimaita astagfirullah. Da aka zo kan ƙullin da maigida ya narka da hannunsa, almakashi ya kasa, sai da aka kewaye shi. Ana gamawa maigida ya fita bayan gini, muka ji yana amai.

Shef ya wanke igiyar ya miƙo mini. Da na haɗa bakinta biyu, zobe ne ɗan ƙarami. Na gwada sa hannuna a ciki kamar awarwaro, ya ƙi wucewa. A cikin wannan zoben dabba mai rai ta yi shekara biyu tana numfashi.

Bai rubuta amandin ba. Ya ce tunda da ƙafarmu muka kawo, zai tsaya a gargaɗi, amma ya rubuta sunan maigida a babban littafi ya sa shi ya dangwala yatsa. Ya ce sharaɗi ɗaya: ranar Juma'a ya tashi bayan salla ya gaya wa mutanen gari abin da idonsa ya gani. Kuma maigida ya tashi ya faɗa. Ni ina gida, amma kafin la'asar mata uku sun kawo mini labarin, kowace da irin gishirin da ta ƙara. Mai wasa da birai ya zo ranar da aka yi da shi, maigida ya tare shi tun a zaure, ko ruwa ban san an ba shi ba.

Birin ya zauna a wani babban ɗaki na waya a bayan biron yana jinya. Duk ranar kasuwa sai na biya da ƙuli-ƙuli a ƙulle a bakin zane, yana hango ni ya taso ya miƙo hannu ta cikin waya. Ciwon ya rufe, ya bar farin tabo zagaye da ƙugu, gashi bai sake fita a wurin ba. A zuwa na biyar shef ya tare ni a ƙofa. Ya ce, "Inna, in kina son sa ki daina zuwa." Na ce me na yi? Ya ce ban yi komai ba, amma so suke su mayar da shi kurmi, kuma birin da ke miƙa wa mutum hannu ba ya daɗewa a daji, zai nufi gona ko gida da sakin jiki, a sa masa kare. Dole ya koyi gudun mutane. Ya ce kuma ba zai yi mini ƙarya ba, ko an sake shi garken na iya ƙin karɓarsa, suna iya kashe shi, abin a hannun Allah yake.

Na ji haushi, na faɗa masa na ji. Na ce wato ni da na goya shi ni ce yanzu abin gudu. Ya ce i. Na juya da ƙuli-ƙulina, na raba wa masu gyaran moto a bakin hanya, ban sake taka wurin ba. Da ruwan farko ya sauka aka aiko mana cewa an sake shi a kurmin bayan gonarmu, inda aka ɗauko shi. Ba a gayyace ni ba.

Daga nan shiru. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta zo. A bakin rijiya sai a ce, "Uwar biri, ɗanki bai aiko da goron salla ba?" In ce ya fi naku, shi bai dawo gida da mata ya zauna yana jiran tuwo ba. Baki nake mayarwa, amma abin na cin raina. Wasu suka ce sun ga ƙasusuwa a bakin fadama. Na rataye zoben igiyar a ƙusa a cikin ɗakina. Ya yi aiki sau biyu: wani ya kamo ɗan barewa, wani ya kamo 'ya'yan gauraka, maigida da kansa ya zo ya karɓi zoben ya je ya nuna musu, kuma duka biyun ba su kwana uku a gari ba aka mayar da su daji. Amma duk daren Allah ina tambayar kaina ko ceto na yi ko kuwa na sauya masa wurin mutuwa ne kawai.

Kakar da ta biyo muna gona muna tugar gyaɗa, ni da maigida, hantsi ya fara zafi. Mun tara ta tsibi-tsibi a can gefen kurmi don ta sha iska. Sai na ji ya ce, "Ga 'yan banzan nan." Na ɗago. Garke guda, sun fi goma, sun baje a kan tarin gyaɗarmu suna ta aiki. Ya sunkuya ya ɗauki majajjawa ya sa dutse, ya fara juyawa. Sai na ga hannunsa ya tsaya a sama, dutsen ya faɗi ƙasa.

A tsakiyarsu akwai wani ƙato, ja, kafaɗa kamar ta ɗan kokawa, kumatu cike da gyaɗa. Ya miƙe a kan ƙafa biyu yana leƙenmu. Ga farin zobe zagaye da ƙugunsa, tas, rana na dukansa. Wata 'yar mace tana bayansa tana tsince masa gashi.

Guɗa ta kuɓuce mini. Irin guɗar da ban yi ba ko ranar auren 'yata ta fari, har mutanen gonar maƙwabta suka yar da fartanya suka sheƙo. Na yi taku uku wajensa, hannuna a miƙe, ina kiransa da irin muryar da nake lallashinsa da ita a baya. Ya dube ni. Duban da biri ke yi wa kowane ɗan Adam ya yi mini, ba ragi ba ƙari. Ya yi haushi guda mai kauri, garken duka suka watse, shi ma ya sunkuci damin gyaɗa ya ruga, jela a sama. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya har kurmi ya haɗiye shi.

Maigida ya ce, cikin tausayi, "Bai gane ki ba."

Na ce, "Alhamdulillahi! Ka ga gudu? Ka ga irin gudun da ya yi?"

Maƙwabta suka iso suna haki, suka tarar da mace an kwashe mata gyaɗa tana rawa a tsakiyar gona, hawaye na zuba, mijinta yana tsaye da majajjawa ba dutse. Aka tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau, ɗanta ne ya zo ya gaishe ta. Na ce ƙarya yake, bai gaishe ni ba, kuma kada Allah ya sa ya taɓa gaishe ni.